Haƙorin Makka na Hajja Rumasa'u

Awartakin ya riga ya shiga bakin Hajja Rumasa'u lokacin da ta cafke hannun lokotoro. Ta riƙe shi gam, kamar igiyar gugan da ke shirin suɓucewa rijiya.

"Hajja, saki hannuna," in ji lokotoro Nuriyya.

Ba ta saki ba. Kujera ta kwantar da ita rigingine, fitila na dukan idonta, leɓenta na sama ya kumbura har ya tura hanci gefe. A dama ga lokotoro mai cire haƙori, yarinyar da ke zuwa asibitin Gure daga Damagaram ran kasuwa kaɗai. A hagu ga Balkisa riƙe da tasa, mai taimaka wa lokotoro, kuma maƙwabciyar Hajja katanga ɗaya, wadda in magana ta shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ta isa har garin Bune. Bayan ƙofa kuwa mata ne cike da benci, babu wadda ba ta san Hajja ba.

Lokotoro ta sake yi mata bayani a hankali. Haƙorin Makkan nan sai an kware shi, domin na ainihin da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe, dasashi ya tara mugunya, in aka bari kumburin zai hau ido. Sai ta yi tambayar da ta fi ciwon zafi: me ya sa duk haƙoran Hajja fes suke da asuwaki, wannan ɗaya kuwa kamar ba a taɓa goge shi ba?

Hajja ta runtse ido. Amsar tana nan, amma ba ta faɗuwa a gaban Balkisa.

Shekarun baya ta kama hanyar gabas ta ƙasa da niyyar sauke farali. A Abeshe ta ƙasar Cadi tafiya ta tsaya, hanya ta rufe. Ta zauna tana suyar ƙosai a tasha har alhazai suka fara dawowa. Kunyar komawa Gure hannu rabbana ta kai ta rumfar wani mai sa haƙori, ya liƙa mata ƙarfe mai ruwan zinariya. Shi ne ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta sa masa asuwaki, ruwan zai goge. Ta kiyaye. Da ya fara dishewa sai ta riƙa rufe shi da goro da fure. Tun daga nan take Hajja. Duk macen da za ta Makka daga unguwarsu, a tabarmarta take koyon ɗawafi da jifan Shaiɗan.

Da ciwon ya taso ta gwada kanumfari, ta gwada kanwa ungurnu, ta gwada haƙuri. Yanzu ga inda haƙurin ya kwantar da ita.

Wani zugi ya taso daga haƙorin ya soki ƙwaƙwalwarta, allurar da aka yi mata ma ba ta tare shi ba. Yatsunta suka saki da kansu.

Lokotoro ba ta jira ba. Ta murɗa, ta ja, ƙarfen ya faɗa tasa ƙwal. Wari ya tashi. Cikinsa kore shar, irin na tsohuwar tagullar da ta kwana a ruwa. Balkisa ta miƙo wuya tana cewa yau dai za ta ga zinariyar Makka da idonta.

Kafin ta gani, auduga ta sauka a kai. Lokotoro ta karɓe tasar, ta aike ta farmasi ta ɗauko maganin kurkure baki, ta ce kuma ta jawo ƙofa. Sai da takun Balkisa ya yi nisa ta naɗe ƙarfen, ta danƙa shi a tafin Hajja, ta rufe mata yatsu.

"Iya, wannan ƙarfen ba na zama a bakin mutum ba ne. Ni haƙori na zo cirewa, ban ga komai ba."

Ruɓaɓɓen ma ya fita. Aka cusa auduga a gurbin, aka ce ta cije, kada ta yi magana sai jini ya tsaya. Ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, asuwaki a kowane haƙori ba zaɓe, goro kuwa a huta da shi. Hajja ta gyaɗa kai. Karon farko cikin kwanaki kanta ya yi shiru. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta fita tana ganin ta tsira.

Ashe Balkisa ba farmasi ta fara zuwa ba. Matan benci suka miƙe suka zagaye Hajja da sannu. Habsu, wadda za ta tafi Makka bana, ta roƙa a ba ta haƙorin ta shafa ko ta samu albarkar ƙasa mai tsarki. Wata ta ce ai sai a zaga da shi kowa ya taɓa. Hajja ta nuna bakinta, ta nuna audugar, ta matse hannu a ƙirji. Ta ja da baya, bango ya tare ta. Ta nufi ƙofar waje, suka biyo ta.

A bakin ƙofar, ƙarƙashin itacen bedi, wani baƙo ya baje tabarma. Dattijo ne siriri mai rawanin mutanen gabas, da akwatin gilashi a gabansa cike da haƙora masu ƙyalli. Yana tare duk wanda ya fito da giɓi, yana cewa sunansa Umara, abin da lokotoro ta cire shi yana mayarwa.

Ya ɗago kai. Ya dubi idon Hajja, ya dubi hannun da ta dunƙule, murmushi ya bazu a fuskarsa.

"Ikon Allah. Ruma mai ƙosan tashar Abeshe, ke ce a nan? Ina aikin hannuna, yana nan dai?"

Habsu ta juyo a hankali. Hajja ta cije audugar, jini mai ɗumi ya cika mata baki.