Matar Bang a Ƙarshen Bidiyo

Sau uku Malsun ta danna bidiyon, sau uku kuma abu ɗaya ya faru. Ga ta nan a allon waya, tsaye tsakanin randunanta, tana ɗaga murfi tana bayanin yadda ake haɗa ruwan daddawar waken soya. Tana rufe baki sai hoton ya tsaya, allon ya cika da ƙananan tagogi na wasu bidiyoyi. A taga ta farko kuwa ga matar Bang ta tsallaken rafi, riƙe da ludayi, tana washe haƙoranta na roba. A shafin intanet na gidansu, gidan Seol, a ƙarƙashin sunan marigayi mijin Malsun.

Ta kife wayar a cinya ta leƙa tsakar gida. Matar ɗanta, Eunsil, na durƙushe a bakin famfo tana wanke ƙyallen tata, har da 'yar waƙarta.

Eunsil ce ta gina shafin. Tun farkon sanyi take zaune gaban kwamfuta tana jera abin da take kira tubala, wannan na rubutu, wannan na hoto, wancan na oda, ta ja ɗaya sama ta tura ɗaya ƙasa, wai don mutanen birni su riƙa saye daga nesa. Da suka zo kan tubalin bidiyo ta tambayi uwar mijin inda za a ajiye shi. Ko dai a rumbun shafin nasu, wanda ƙarami ne kuma sai an biya, ko a babban dandalin da kowa ke zuba nasa kyauta, shafin ya buɗe taga kawai a hango shi daga can. Malsun ta zaɓi na kyauta, don ba ta son almubazzaranci. Amma yanzu da ta sake juya maganar, sai ta ga kamar yarinyar ta fi daɗewa tana yabon na biyun. Ta kuma tuna ranar kasuwa, da ta hango Eunsil ta sunkuya wa matar Bang fiye da yadda gaisuwa ke bukata.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan da aka kawo Malsun da matar Bang ƙauyen suna amare, a kaka ɗaya, kuma tun lokacin ba wadda ta taɓa cewa miyar ɗayar ta yi daɗi.

Kuma sai abin ya faɗo yau, ranar da ake ɗibar tsohon ruwan daddawa a zuba cikin sabo. Tsohuwar randa na can ƙarshen layi, uwar mijin Malsun ta gada daga tata uwar mijin, kuma hannu ɗaya ne kawai ke shigarta a kowane zamani. Malsun ta riga ta faɗa a gaban ɗanta cewa bana Eunsil ce za ta ɗiba. Wadda ta ɗiba, gidan ya zama nata. In Eunsil ce ta buɗe wa matar Bang ƙofa, me zai hana ta tsallaka rafi da kwalbar tsohon ruwan a ƙarƙashin riga?

Malsun ba ta tambaye ta ba, don a ganinta mai laifi na da amsa a shirye. Ta saka takalmi ta ce za ta sayo maganin gwiwa, kuma kada kowa ya je kusa da randa sai ta dawo. Eunsil ta ce akwai maganin a kan firiji. Malsun ta yi kamar ba ta ji ba, ta kama motar ƙarfe tara zuwa garin Sunchang.

Shagon waya na bayan kasuwa, mai shi wata mace ce mai jiki, tabarau a goshi, tana cin gasasshen dankali. Malsun ta ajiye wayar a kan teburin shagon ta ce wata ƙawarta ce ke zargin surukarta ta liƙa mata hoton abokiyar gaba a shafi. Matar ta goge hannu, ta kalli bidiyon, ta ɗaga kai ta dubi Malsun.

"Kaka, ƙawar taki kamarku ɗaya. Har tabon goshin."

"Ke dai duba abin da na kawo miki."

Matar ta buɗe shafin a tata wayar, ta bar bidiyon ya ƙare, ta juyo da allon. Babu matar Bang. Mata ne ke motsa jiki don rage ƙiba, sai wani mawaƙi mai farin kwat. Ta bayyana cewa mai gina shafi ba shi da iko da waɗannan tagogin muddin bidiyon na zaune a babban dandali. Dandalin ne ke zaɓa, kuma yana kawo wa kowa irin abin da ya fi yawan kalla.

Malsun ta ce ƙarya ne, ita ba ta kallon wannan matar. Mai shagon ba ta yi musu ba. Ta taɓa wayar Malsun sau biyu ta fito da jerin abin da aka kalla, ta riƙa jan shi da yatsa. Matar Bang tana dafa wake. Matar Bang tana rataye curin dafaffen wake don ya bushe. Matar Bang tana jefa ƙwai a ruwan gishiri don auna ƙarfinsa, wannan kam sau goma sha ɗaya.

"Duba kurakuranta nake yi," in ji Malsun.

"To ai shi dandalin bai san kuskure kike nema ba, Kaka. Ya ɗauka masoyiyarki ce."

A motar komawa Malsun ta zauna can baya ba ta kula kowa ba. Kunya ta ji, amma zargin bai sake ta ba, wuri kawai ya sauya. In abin nan na tona abin da mutum ke kallo a ɓoye, to ita ma yarinyar tana da nata.

Ta tarar an shanya ƙyallaye, an jera sababbin randuna, tsohuwar randa kuma da murfinta yadda ta bar shi. Sai da ta duba ƙurar da ke kan murfin kafin ta yarda. Sannan ta zauna a bakin dandamali ta kira Eunsil da sunan 'yarta.

"Maman Yuna, kawo wayarki. Kunna min bidiyon nan, ki bar shi ya kai ƙarshe."

Eunsil ta tsaya da jiƙaƙƙen hannu. Ta ce ai Mama ta riga ta gani, ko a kwamfuta za a buɗe mata, ta fi girma? Malsun ta miƙa tafin hannu ba ta sauke ba. Kunnuwan yarinyar suka yi ja, kuma zuciyar tsohuwar ta ce, ga shi nan.

Bidiyon ya ƙare, tagogin suka fito. Malsun ta nisanta wayar daga ido ta karanta a hankali, baƙi bayan baƙi. Yadda za ki zauna da uwar miji mai tsanani. Abin da za ki yi in uwar mijinki ba ta taɓa yabonki ba. Na uku kuwa wata likita ce ke nuna tausar gwiwar tsofaffi.

Malsun ta sauke wayar ta dubi yarinyar.

"Nawa kika kalla?"

"Duka, Mama."

"Sun yi amfani?"

Eunsil ta sunkuyar da kai. "Na gwiwar ya yi."

Malsun ta mayar mata da wayar. Ta ce gobe a kwashe bidiyon daga wancan dandali a mai da shi rumbun gida, ko nawa ne a biya, ba ta son taga a shafinta. Eunsil ta tambaya ko wani abu Mama ta gani a tata wayar. Tsohuwar ta ce rana na tafiya, ruwa kuma ba ya jiran surutu.

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta yi gaba zuwa ƙarshen layi, ta tsaya gefen tsohuwar randa ta harɗe hannuwa a baya.

"Naɗe hannun rigarki," ta ce. "Ina kallonki."