Tambayar da Wendell Ya Zo da Ita

Dokar taron ita ce kowa tambaya ɗaya: a miƙa maka makirufo, ka yi, ka zauna. Haka ake yi a zauren makarantar garin duk lokacin zaɓe, kuma manoman jihar Nebraska ta Amurka ba sa ƙaunar mai zarce ƙa'ida.

Wendell Kruse ya taho da tasa tun daga gida. 'Yarsa Darla soja ce, ta shiga ne don gonar masararsu ba za ta riƙe gida biyu ba. Yanzu ana ta raɗe-raɗin za a tura rundunarsu yaƙi a ƙetare. So yake ya ji daga bakin 'yan takarar, za a tura su ko ba za a tura ba.

'Yan takarar biyu suna ta zuba. Ɗaya ya ce tallafin noma ɓarna ne, amma yaƙin dole ne. Ɗayan ya ce tallafi dole ne, yaƙin ma dai dole ne, a dai yi shi da hankali. Wendell yana jin su kamar daga ɗakin maƙwabta. Ko haushi ya kasa ji.

Maƙwabcinsa Orval ya zungure shi. "Kai ne shugaban ƙungiyarmu fa, tsoho. Kar ka yi mana zurum irin na bara. Ka matsa musu a kan tallafin nan."

"Na ji."

Makirufo ya iso. Ya miƙe, ya tuɓe hula. Duk zauren babu fuskar da bai sani ba. A garin nan mutum zai yini yana kukan farashin masara a yaba masa, amma ba a taɓa jin namiji ya tashi gaban jama'a ya ce tsoro yake ji ba. Sai kawai ya ji bakinsa yana tambayar ko za a ci gaba da biyan tallafin baɗi. Aka tafa masa, Orval har da buga masa kafaɗa.

Yana shiga mota Darla ta kira daga bariki.

"Baba, ka tambaye su? Me suka ce?"

Ya tsura wa sitiyari ido. "Sun ce ba za a taɓa tallafin ba."

"To, madalla," ta ce. "Ka gaida Mama."