Wurin Kwanan Othniel

Fiye da shekara goma Salomi ba ta kwana a wajen gidanta na unguwar Jiddari Polo a Maiduguri ba. Ko biki ne, ko jana'iza, ko taron zumuntar mata, kafin rana ta faɗi ta dawo. Kowa a coci ya san dalili, kowa kuma ya yi shiru. Ɗanta na fari, Othniel, ya baro ƙauyensu da ke bayan Biu a motar haya don ya koma makaranta, a shekarar da hanyar Damboa ta zama abin tsoro. Motar ba ta iso ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Tun daga ranar Salomi take jiran a buga ƙofa.

Wannan shirun ne yake ƙona wa Ketura rai. Ita ce mai bin Othniel, yanzu malama ce a wata sakandare. Ta gaji da ganin mata suna zuwa su zauna da uwarta, su ce a ci gaba da sa rai, su sha shayi, su koma gidajensu su yi barci mai daɗi, su bar ta da kunne a ƙofa. A ganin Ketura wannan ba tausayi ba ne, ragwanci ne aka sa wa rigar addini. Babu mai son ya zama shi ne ya fara faɗa mata cewa Othniel ba zai dawo ba. Ko mahaifinta James, tsohon akawu mai ritaya, da zarar an doshi maganar sai ya ƙara ƙarar rediyo.

A bana mutanen ƙauyen suka fara komawa bayan shekarun gudun hijira. Dangi suka aiko cewa za a haɗu a can lokacin Kirsimeti a ɗora wa gidan kaka rufi, domin bango kawai wuta ta bari lokacin da aka ƙone ƙauyen. Matsalar ita ce wurin kwana. Waɗanda suka riga suka koma suna cunkushe a ajin firamare. Ana cikin haka Ketura ta ji cewa wata ƙungiyar agaji da ta tattara kayanta ta bar gari ta yi gwanjo, kuma wani dillali a unguwar Lamisula mai suna Mikail ya sayi ɗakuna masu taya, irin waɗanda mota ke ja, da gadaje da wurin girki a ciki. Ta kawo maganar gida da zafinta: in babu ɗaki a ƙauye, sai su tafi da nasu.

Ta yi shirin gardama, amma ba a yi ba. Salomi ta yi ɗan tunani ta ce za ta je. Ta ce Othniel ya san gidan kaka kamar yadda ya san wannan, in ya ji mutane sun koma, wataƙila can zai fara nufa. Makulli kuwa za ta bar shi a hannun maƙwabciyarsu Gumsu. Ketura ta ji dalilin sarai, ta bar shi ya wuce ta gefen kunnenta. Abin da take so ta samu: uwarta za ta fita daga gidan nan, za ta kwana ƙarƙashin wani rufi dabam, ta farka ta ga duniya ba ta rushe ba.

Ranar Asabar da safe suka je Lamisula su huɗu, da ƙaramar ƙanwarta Phebe mai karatu a jami'a. Mikail ya tarbe su yana washe baki, ya kore awaki daga inuwar ɗakunan. Ɗakuna biyu suka rage masa. Ɗaya ƙarami ne, fari, mai taya biyu, gadajensa huɗu, ana naɗe biyu da rana su zama kujeru. Ɗayan dogo ne kamar rabin aji, gadajensa shida, har da labule a tsakiya da kabad mai madubi. Phebe ta tsaya gaban madubin tana gyara ɗankwali, ta ce ita kam ta riga ta zaɓa. James ya yi ta buɗe tagogi yana rufewa, yana ƙwanƙwasa bango da yatsa kamar mai sayen tukunya. Ya daɗe bai yi dariya irin ta ranar ba.

Mikail ya fita ya zagaya motar James, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

“Baba, kada in ci amanarka. Wannan tsohuwar in ka ɗaura mata babban, a hawan Biu shi ne zai ja ta, ba ita za ta ja shi ba. Da baya za ku dawo Maiduguri.”

Ya bayyana musu cewa ƙaramin ma sai an yi wa motar ƙugiya mai ƙarfi, an rage kaya, an tafi a hankali. Babban kuwa sai mota mai ƙarfin gaske, irin ta masu agajin da suka tafi. Ketura ta ce to magana ta ƙare, su huɗu ne, gado huɗu ne. Ta juya ta nemi uwarta, ba ta gan ta ba.

Tana cikin babban, can ƙurya bayan labule. Ta durƙusa kan gado na ƙarshe tana auna tsawonsa da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana motsa leɓe. Da ta ji shigowarsu ta ce wannan zai yi, ko da yake ƙafarsa za ta ɗan leƙo, domin yaron dogo ne kamar kawunsa, kuma yanzu ai ya ƙara. Sannan ta dubi mijinta.

“Baban Othniel, in muka ɗauki ƙaramin, a ina zai kwana?”

Phebe ta yi saurin cewa ita za ta kwanta a ƙasa, ai ta saba a makaranta. Salomi ta ce ta duba ƙasan ƙaramin, ko tabarma ba za ta shimfiɗu ba. James ya cire hula ya mayar. Ya ce ba abin gaggawa ba ne, a sa abin a addu'a. Wataƙila baɗi a samu babbar mota, rufin gidan kaka ai ba gudu zai yi ba.

Kalmar baɗi ita ce ta tsinke wa Ketura igiya. Baɗi aka ce lokacin da ta nemi a yi sujadar tunawa. Baɗi aka ce lokacin da ta nemi a kai uwarta ta ga likita kan rashin barci. Phebe ta yi girma a cikin baɗi, ba ta taɓa ganin uwarta a makarantarsu ranar ziyara ba. Yanzu ga hanya ta buɗe da ƙyar, za a sake rufe ta da hannu mai taushi, kowa ya koma gida yana ganin ya yi kirki.

“Mama, mu huɗu ne,” in ji ta. “Mun daɗe mu huɗu. Yaya Othniel ba zai zo ƙauye ba, ba zai zo Polo ba. Kowa ya sani. Baba ya sani, fasto ya sani, matan da ke shan shayinki sun sani. Ni ce kawai marar kunyar da za ta faɗa miki.”

Mikail ya sulale ya fita, ya ce bari ya duba awakin nan. James ya kira sunanta sau ɗaya, a hankali. Ketura ta jira kuka. Ta daɗe tana ganin cewa in uwarta ta yi kukan nan guda ɗaya mai tsanani, za ta warke.

Salomi ba ta yi kuka ba. Ta sauko daga gadon, ta gyara katifar da gwiwarta ta lotsa, ta ja labulen ta rufe. Ta fita ta shiga ƙaramin, ta taɓa kowane gado, ta gwada murhun, ta tambayi Mikail ko rufin yana yoyo. Ta ce wannan ya yi kyau, a ɗauka. A hanyar gida har ta yi maganar labulen da za ta ɗinka wa tagoginsa. Ketura ta zauna a baya tana jin kunya da nasara a cakuɗe, tana gaya wa kanta cewa ciwon da aka matse shi ne yake warkewa.

Makonnin da suka biyo Salomi ta ɗinka labulen, ta wanke barguna, ta daka yaji. Tana magana da Ketura kamar kullum, sai dai ta daina kiran sunan Othniel a gabanta.

Ranar tafiya suka tashi da sassafe don su kama layin motocin da ke jiran fita daga gari. An ɗaura ɗakin a bayan mota, yaran unguwa sun taru suna kallo. Salomi ta fito da kular abinci ta miƙa wa Phebe. Zanen gida ne a jikinta, da silifa. Ketura ta ce Mama ta yi sauri ta shirya. Salomi ta ce ta riga ta gaya wa Gumsu ba sai ta riƙe makulli ba.

“Ku je ku gaishe su. A can babu wurinsa. A nan akwai.”

Ketura ta ce za ta kwana a mota, ta bar wa Othniel gadonta. Ta ce ta yi kuskure, bakinta ne, a yafe mata. Ta riƙe hannun uwarta a bakin ƙofa kamar ƙaramar yarinya. Salomi ta shafa mata kai, ta ce ba fushi take yi ba, ai gaskiyarta ta faɗa, su hanzarta kada rana ta yi musu. James ya tsaya da makullin mota a hannu. Dangi suna can suna jira da kwanon rufi, kuma shi ne babba. Ya shiga mota.

A shingen fita gari, kan hanyar Damaturu da ake zagayawa ta ita zuwa Biu, wani soja ya sa aka buɗe ɗakin. Ya leƙa ciki, ya yi murmushi, ya ce bai taɓa ganin masu tafiya da gidansu ba. Ya dubi gadajen, ya dubi mutanen da ke tsaye a bakin titi, ya tambaya cikin raha ina na huɗun.

Ketura ce ta fi kusa da shi. Ta juya ta dubi mahaifinta.

“Tana gida,” in ji James. “Tana jiran baƙo.”

Sojan ya rufe ƙofar, ya ɗaga musu hannu su wuce.