Fanka Uku da Barcin Shugaba

Ni dai mutum ne mai awo. Aikina ke nan, yanka gilashi a wani ɗan asibitin ido, inda kuskuren rabin milimita kan sa mutum ya ga matakala biyu a inda ɗaya take. Idan na ce na auna abu, to na auna. Na faɗi wannan tun farko ne don ku san irin gwanin da abin ya faru da shi.

Ƙarfe biyu nake tashi daga aiki. Daga uku zuwa shida ni ke da renon 'yarmu mai wata biyar, wadda muke kira Shugaba saboda ba a yin komai a gidan sai da amincewarta. A waɗannan awoyi uku matata ke karatun jarrabawar ƙarin girma ta ma'aikatan jinya, a teburin cin abinci, taku huɗu daga kwamfutata. Falon ɗaya ne, ba mu da wani. Ni kuwa tsarin ya yi mini daɗi ba kaɗan ba. In kishingiɗa a kujera, in ɗora Shugaba a ƙirji, in riƙe hannun gem, wato abin sarrafa wasan kwamfuta, ta bayanta, in shiga tseren mota. Kafin zagaye na biyu ta yi barci, yawunta na jiƙa mini riga.

Matsalar ɗaya ce, katin girafik ɗina, wato allon nan na cikin kwamfuta mai zana hotunan wasa. Shekararsa bakwai, fanka ɗaya gare shi, kuma da wasa ya ɗauki zafi sai ya kama ihu kamar injin markaɗe. Ni na saba, har ba na ji.

Wata ranar Litinin matata ta rufe littafinta da ƙarfi.

“Baban Shugaba, ka san sau nawa na karanta shafin nan?”

“Sau nawa?”

“Biyar. Kuma abin da na riƙe a ciki shi ne *vuuuu*. Saura wata guda jarrabawata. Na ba ka sati biyu, ko abin nan ya yi shiru, ko ya bar gidan nan. Ƙanena ya daɗe yana sonsa.”

Ƙanenta! Mutumin da ke ajiye kofin shayi a kan kibod. Kwamfutar da na haɗa da hannuna tun ina tuzuru, sukuru bayan sukuru. Na dake na ce ta bar mini komai, wannan aikin masana ne.

Sharuɗɗa uku na kafa wa sabon kati. Na farko, kuɗinsa ya yi daidai da aikinsa, kada in biya don ƙyale-ƙyale. Na biyu, ya kasance marar ƙara. Na uku, wanda ban gaya wa matata ba, ya zama mai ɗaukar obakulok, wato a iya ƙara masa gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. Ba wanda ya aike ni wannan na ukun. Ni na aiki kaina.

Kwana goma ban san inda kaina yake ba. A lokacin hutun cin abinci ina kallon bidiyon wasu ƙarti da ke kara makirfo a bakin fanka suna yamutsa fuska. Na sayi sabon littafi na ja masa layuka, nan zafi, nan ƙara, nan tsawon kati. Wata dattijuwa ta zo karɓar gilashinta, maimakon in tambaye ta ko tana gani sosai, wallahi sai na ji bakina ya ce, “Mama, yana ɗaukar zafi?”

Shagon da nake zuwa yana hawa na biyu, a layin masu gyaran waya, ɗan siriri ne wanda idan mutum biyu za su wuce sai ɗaya ya matse ciki. Mai shagon wani mai sanƙo ne mai haƙuri. A zuwana na farko Yallaɓai yake ce mini. A na uku ya koma Injiniya, kuma ban ji alamar yabo a cikin muryarsa ba.

A zuwa na huɗu na sa ya kashe fankar sama, ya kashe rediyo, ya roƙi maƙwabcinsa ya dakata da gwajin sifika. Muka tsaya cikin zufa yana saka katuna ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar gwaji, ni kuma ina auna ƙarar da wayata. Mai arahar yana da fanka biyu, yana wani siririn fito mai shiga haƙori. Mai tsadar yana da fitilu kala bakwai, na ce ni ba gidan rawa zan buɗe ba. Na tsakiyar ne ya sace zuciyata. Fanka uku, ƙarfen sanyaya mai kauri, kuma idan ba a wasa fankokin tsayawa suke cak.

“Wannan ne,” na ce.

“Alhamdu lillahi,” in ji mai shago, ya yi wuf ya kunna fankar sama. “Tsohon fa, ka kawo?”

Na zaro shi daga leda na jefa a kan kanta. “Ga shi nan. Ka ba masu niƙa, su ne za su san darajarsa.”

Ya juya shi a hannu, ya hure ƙurar. “Haba Injiniya, tsohon nan bai yi maka laifin komai ba sai surutu.”

Na ce surutun ma ai laifi ne. Da wannan bakin nawa na faɗa.

Ranar Lahadi na saka sabon. Ya shiga akwatin kwamfutar daidai, da ragowar milimita huɗu, kamar yadda na auna. Na kunna, na buɗe tsere. Shiru. Na ji firij yana aiki a kicin. Na ji agogon bango, wanda na ɗauka ya mutu tun bara. Matata ta ɗago kai.

“Ka kunna kuwa?”

“Ina zagaye na uku,” na ce, ina wani lumshe ido.

Ta yi murmushi ta ce sannu da ƙoƙari. Da ni mai hankali ne, da a nan labarin ya ƙare.

Amma akwai sharaɗi na uku. Obakulok ba a yinsa a kishingiɗe. Sai ka zauna tsaye a gaban tebur, ka ƙara gudun kaɗan, ka saki gwaji na minti goma, ka zuba wa lambar zafi ido, ka rubuta, ka sake ƙarawa. Hannu biyu yake ci, ga littafi, ga biro. Don haka ran Litinin ƙarfe uku na kwantar da Shugaba a ɗan gadonta kusa da ni, na ce ta yi haƙuri, Baba na aikin kimiyya.

Ta dube ni, ta dubi silin, ta ɓare baki.

Na ɗauke ta, na zaga falo ina jijjiga ta, wuyana a karkace ina leƙen allo. Da gwaji ya ƙare na mayar da ita gado don in rubuta lamba. Ta sake ɓarewa. Haka muka yi har shida, ba ta runtsa ba. Na ce haƙori ne. Ran Talata uwarta ta duba dasashi, ta duba kunne, ta auna zafin jiki, ta ce ba abin da ke damunta. Ran Laraba na ce yanayi ne. Yarinyar da ba ta yi barcin rana ba kuwa kowa sai ya ji a jikinsa, har maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar ko lafiya.

Ran Alhamis matata ta ajiye biro. Idanunta sun yi ja, littafin yana shafin da yake tun Litinin.

“Don in yi karatu na ce a yi shiru. Yanzu inji ya yi shiru, 'ya ta karɓi aikinsa. Ran Asabar ƙanena zai zo da mota.”

“Haba Maman Shugaba, me kwamfuta ta yi kuma? Ko tari ba ta yi!”

“Kai ne mai awo,” ta ce. “Ka zauna ka duba abin da ya canja.”

Na zauna na duba. Ban daɗe ba kuwa hasken ilimi ya sauko mini. Me ya canja? Ƙara! Wata biyar yarinyar nan tana barci cikin ihun tsohon kati, ya zame mata waƙar reno, ni kuma na raba ta da shi. Na miƙe na yi wa matata bayani har da hannu. Ta kalle ni na ɗan lokaci, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, “To.”

Nan take na murɗa fankokin sabon katin har ƙarshe. Abin haushi, ko a ƙarshen ma wata 'yar iska yake hurawa a hankali, kamar mai fifita shayi. Kati ne na ƙwarai, na yi zaɓi mai kyau, Allah wadai. Shugaba ko kallonsa ba ta yi ba.

Ran Juma'a daga aiki na wuce shago. Na daɗe a ƙasan matakala kafin in hau.

“Injiniya! Sabon ya yi ƙara ne?”

“A'a. Tsohon nake nema.”

“Wane tsohon? Na masu niƙa?”

Na yi masa bayani a taƙaice, da murya ƙasa-ƙasa. Ya yi dariya har ya dafa kanta. Ya leƙa waje ya kira maƙwabcinsa mai sifika ya ce in maimaita. Sannan ya tono katin daga ƙasan wani kwali na tarkace, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba da kyautar girmamawa.

“Ɗauka, ba na son komai. Ka dai dawo mini da labari.”

Ƙarfe huɗu na cire kati mai fanka uku na ajiye a kan tebur, na mayar da tsohon. Na kunna tsere. *Vuuuu!* Labule har motsi ya yi. Na juya ga gadon Shugaba ina jiran nasara. Ta yi shiru na daƙiƙa ɗaya, ta ja numfashi, sannan ta tsala ihun da ban taɓa jin irinsa ba. Don tsabar rashin kunya na auna ihun da wayata. Ta fi katin ƙara nesa ba kusa ba.

A nan na sallama. Ilimina ya ƙare, gobe Asabar. Na ɗauki yarinyar na zube a kujera, na jingina baya. Na ce tunda kwamfutar tafiya za ta yi, bari in yi tsere ɗaya na ban kwana. Na ɗora Shugaba a ƙirji, na zagaya hannu ta bayanta na riƙe hannun gem. Ta yi shessheƙa sau biyu. Ta damƙi wuyan rigata. Kafin zagaye na biyu na ji ɗumin yawu.

Kuma don ku san ban warke ba, sai na juya ga matata ina raɗa, “Kin gani? Ƙarar ce! Lokaci kawai take buƙata.”

Ta ajiye biro. Ta taso, ta yi takun nan huɗu, ta sunkuya ta zare filogi daga bango. Allo ya yi baƙi. Fankar ta yi 'yan juye-juyenta ta tsaya. Na kasa kunne ina jiran ihu.

Shugaba ko motsi ba ta yi ba.

“Auna wannan,” in ji matata a hankali.

Na dubi baƙin allon, na dubi yarinyar.

“Kwana biyar kana tambayar kwamfuta abin da ke damun 'yarka. Ita ba ta san kati ba, Baban Shugaba. Ƙirjinka ta sani. Tun ran Litinin na gane.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“Na faɗa ran Talata. Ka ce in dakata, kana kan digiri sittin da takwas.”

Na tuna. Wallahi na tuna, har da ɗaga mata hannu na yi ba tare da na juyo ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Littafina na nan buɗe a kan tebur, shafi shida na lambobi, kuma duk ƙarin gudun da na samu a kwana biyar ɗin bai kai abin da ido zai iya bambancewa ba. Ni da nake aikin ido na fi kowa sanin haka.

“Ƙanen naki fa?” na tambaya, ba tare da na kalle ta ba.

“Ka mayar da sabon katin, ka bar shi yadda kamfani ya yi shi. Zan ce masa motar ta huta.” Ta koma teburinta ta buɗe littafi. Can na ji ta juya shafi.

Na zauna a gaban baƙin allo, kati biyu a gidana, ba na wasa da ko ɗaya. Hannuna na hagu ya yi tsami, sannan ya mutu gaba ɗaya, ban gyara ba. A cikin shirun nan ne na ji wani ɗan sauti a ƙasan haɓata, siriri, yana hawa yana sauka. Ashe Shugaba minshari take yi. Wata biyar tana yinsa a ƙirjina, ban taɓa ji ba sai ranar.

Wayata na kan tebur, miƙa hannu kawai zan yi. Na bar ta a inda take.