Babayo Ya Sayi Iyafis

Madina ce ta kawo labarin, tun daga zaure take ɗaga murya. Gidan rediyon da yayarta Sa'adiyya take koyon aiki sun ba ta shiri nata na kanta a kan kiwon dabbobi a cikin gari, kuma ranar Asabar bayan La'asar za ta fara gabatar da shi kai tsaye.

Mahaifinsu Babayo yana kan tabarma a tsakar gida, bai ɗaga kai ba. Matarsa A'i ta ci gaba da tankaɗe kamar ba da ita ake ba. Sa'adiyya 'yar fari ce. Sun daɗe da barin ruga suka zauna a Fadaman Mada, amma fulakonsu ya biyo su har cikin gari: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna wa mutane an damu da shi. Tun da aka haife ta Babayo bai taɓa furta sunanta ba, in ta kama dole sai ya ce "yarinyar nan". Ranar da ta gama karatun aikin gona a Gubi ma, kasuwar shanu ya tafi wajen dillancinsa, bai dawo ba sai da 'yan taya murna suka watse.

"Baffa, ka ji kuwa?" in ji Madina.

"Na ji kina ihu a gidan mutane. Ɗebo min ruwa."

Washegari ya ga an goge rediyon A'i, an sa masa sababbin batura. Bai tambaya ba. Ya san yadda za a yi ranar Asabar: Madina za ta kunna, uwar za ta zauna nesa kaɗan tana tsintar shinkafa, kowa ya ɗauka hankalinta yana kan faranti. Mace tana da aikin hannu da za ta fake da shi. Shi kuwa bayan La'asar wurinsa a majalisar ƙofar masallaci yake, tare da dattawan unguwa. In ya zauna a gida, an gane. In ya ɓace daga majalisa a wannan rana kaɗai, Malam Nu'uman, amininsa da ba abin da yake wuce masa, zai gane tun kafin ya dawo.

Amma yana so ya ji. Wannan ne abin da ya kasa yi wa kansa musu a kai. Yana so ya ji yadda muryarta za ta fita daga akwati, garin Bauchi duka yana saurare.

Ranar Alhamis ya hau keke Napep zuwa kasuwar Wunti. Ya wuce rumfuna da dama na masu kayan waya saboda ya ga fuskokin da ya sani, sai can ciki ya tsaya gaban wani mutumin Bogoro mai ƙiba, ana ce masa Job.

"Baba, sannu da zuwa. Caja ne ko batir?"

"Abin nan da yara suke cusawa a kunne."

"Iyafis. Wa za a saya wa, jika?"

"Ni zan sa."

Job ya dube shi daga hula har takalmi, ya yi dariya. "To, Baba ya shigo gari! Me za ka ji da shi, waƙa ko wa'azi?"

"Magana."

"Shi ke nan, magana ba ya son kiɗi mai dukan ƙirji. Ba sai ka sayi mai tsada ba."

Ya fara sauko da wani babba mai rufe kunnuwa gaba ɗaya, ya ɗora wa Babayo a kan hula, ya miƙo masa madubi. Babayo ya ga wani tsoho mai farin gemu kamar zai tuƙa jirgin sama. Ya cire da sauri.

"Ba wanda ba a gani?"

Job ya buɗe wani ɗan akwati, ciki da abubuwa biyu farare kamar ƙwayar gurjiya. "Ga shi. Bulutut, babu igiya. Ka sa ɗaya, ka ja hula kaɗan, ko matarka ba zai sani ba. Sai dai kullum caji, kuma in ɗaya ya faɗi a kasuwa kar ka dawo min da kuka."

Babayo ya sa a kunne, ya sake duban madubi. Ba a ganin komai. Zuciyarsa ta kwanta, ya ciro ƙaramar wayarsa mai madannai ya ce a haɗa masa, a kamo masa rediyo.

Job ya tsaya. "Rediyo? Ai ba ka faɗa ba. Wannan zai haɗu da wayarka, amma rediyo ba zai kama ba." Ya danna ya nuna masa rubutun da ya fito a fuskar wayar. "Ka gani, yana neman igiya. A irin wayan nan, igiyan iyafis shi ne eriya. Babu igiya, babu rediyo. Sai in za ka canja babban waya ka riƙa sa data."

"Ba dabara?"

"Baba, da zan cuce ka sai in sayar maka, ka je gida ka yi ta dannawa."

Ya zaro masu igiya daga ƙusa ya baza. Ya nuna masa abin da ake dubawa a masu sauƙin kuɗi: a lanƙwasa gindin igiyar wajen da take shiga waya a ga ko tana da ƙwari, don nan take fara mutuwa, a saurari kunne ɗaya, sannan ɗayan, don sau da yawa ɗaya kurma ne tun daga kwali, a gwada robar bakin ko ta zauna a kunne ba ta zamewa. Na farko da suka gwada yana shuu kamar ana suya. Na biyu kunnen hagu ya ƙi magana. Na uku ya fito da muryar mai karanta sanarwa tar, har ana jin numfashinsa.

Babayo ya riƙe igiyar yana kallo. Doguwa ce, kuma dole ta fito daga aljihu ta hau ƙirji ta isa kunne.

"Akwai fara?" ya tambaya.

"Akwai. Amma fari yana saurin datti."

"Farar riga nake sawa."

Job ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, ya dubi fuskar tsohon, ya fasa. Ya nuna masa yadda zai bi da igiyar ta cikin riga ta fito a wuya, ya ajiye masa tashar a madanni ɗaya, ya sa shi ya gwada da hannunsa har ya iya.

A cikin keke, a hanyar komawa, abin ya yi ta cin Babayo. Me ya saya? In fulako na gaskiya ne, ai ba idon mutane kaɗai ake yi wa ba. Mutumin da ya kawar da kai a fili ya kasa kunne a ɓoye, da me ya bambanta da munafuki? Sai kuma ya tuna nasa uban, wanda bai taɓa kiran sunan yayansu ba, amma kowace damina saniya mafi nono ita ake kora wa garken yayan, ba wanda yake cewa komai. Ashe su ma suna da tasu igiyar ta cikin riga. To, al'adar ta hana so ne, ko nuna so? In nunawa kawai ta hana, bai yi laifi ba. Amma in bai yi laifi ba, me ya sa ya wuce rumfunan mutanen da suka san shi? Har keke ya sauke shi bai raba wannan gardama ba.

Ranar Asabar, da aka idar da La'asar, dattawa suka baje a kan tabarmi a inuwar darbejiya. Babayo ya zauna a gefe, ya juya kunnen dama, wanda ya riga ya cusa wa iyafis, wajen bangon masallaci. Alhaji Mansir, tsohon tela mai yawan zance, ya ɗauko maganar kwalbatin unguwa da ta toshe. Babayo ya sa hannu a aljihu ya danna. Hayaniyar majalisa ta hana shi ji da kunne ɗaya, sai ya faki ido ya cusa na biyun, ya ja hula.

Aka yi ɗan kiɗan sarewa, sai ga sallamarta.

Bai san haka muryarta take ba. A gida ƙasa-ƙasa take magana in yana nan, ta gaishe shi daga bakin ƙofa ta wuce. Nan kuwa murya ce a zaune, ba gaggawa, ba rawa. Ta yi magana a kan shanun gari da suke cin leda a bola. Ta ce mai saniya ya riƙa duba hancinta da safe, in ya bushe to da magana. Ta ce akwai wani dattijo da ta sani, ba ya taya saniya sai ya tsaya ya ga ta yi tuƙa, ko da mai ita zai gaji ya yi fushi.

Babayo ya gane da shi take. Bai taɓa koya mata komai baki da baki ba. Da saniya yake magana in yarinyar tana kusa: ke, me ya busar miki da hanci yau? Ke, in ba ki yi tuƙa ba ba na sayenki. Ashe duk tana kwashewa. Ita ma ga shi ba ta kama sunansa ba.

Sai aka buɗe layi. Wani mutum ya kira, muryarsa cike da isa. Ya ce in cikin saniya ya kumbura, kalanzir ake ɗura mata, haka suka gada. Sa'adiyya ta ce a'a, kalanzir guba ne, man gyaɗa ake ba ta, a tayar da ita ta yi tafiya, a kira likitan dabbobi.

"Ke yarinya," in ji mutumin, "a takarda kika karanta saniya. Kin taɓa riƙe sanda? Je ki tambayi ubanki, in yana da ko akuya."

"Kai, maƙaryaci! Kashe ta za ka yi! Gaya masa, man gyaɗa ne!"

Babayo bai san da ƙarfi ya faɗa ba. Kunnuwansa a toshe suke, a jinsa gunaguni ya yi. Sai da ya ga bakin Alhaji Mansir a buɗe, hannunsa a sama inda maganar kwalbati ta tsaya masa, kowa a majalisa ya juyo, sannan ya gane. Hularsa ta goce, farar igiyar tana lilo a wuyansa.

Ya zare kunne ɗaya.

"Babayo," in ji Malam Nu'uman, "da wa kake faɗa?"

"Wa za a kashe da man gyaɗa?" Alhaji Mansir ya ƙara. "Kai, jama'a, ku dubi wuyan Bafillace! Ashe ɗan zamani muke zama da shi ba mu sani ba. Waƙar wa kake ji, tsoho?"

Aka kwashe da dariya. Amsa tana nan a sauƙaƙe: ya ce labarai yake ji, ko tafsiri, a yi masa tsiya a wuce. Amma fulako ya yarda mutum ya yi shiru, bai taɓa jin ya yarda mutum ya yi ƙarya ba, balle a ƙofar masallaci. Kuma a ɗaya kunnen tana ba mutumin amsa, yana jin rabi yana rasa rabi.

Ya miƙa wa Malam Nu'uman kunnen da ya cire.

Malam Nu'uman ya matso har kafaɗunsu suka haɗu, don igiyar ba ta kai ba. Ya saurara. Sa'adiyya tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, a bayan shanu aka haife ni. Kuma a gidanmu ba a taɓa ɗura wa saniya abin da ake zuba wa fitila ba." Malam Nu'uman ya yi murmushi, bai dubi amininsa ba.

"Ku kuke ji ku kaɗai?" in ji Alhaji Mansir. "Mu ba mu da kunne?"

Babayo ya zaro igiyar daga cikin riga, Malam Nu'uman ya karɓi wayar, ya lalubo wajen lasifika ya danna, ya ajiye ta a tsakiyar tabarma da igiyarta a jiki. Muryar ta fito fili. Wani ya fara cewa, "Af, wannan ba 'yar..." Malam Nu'uman ya ɗaga masa hannu, ya yi shiru.

A ƙa'ida yanzu ne ya kamata Babayo ya tuna da wani uzuri ya tashi. Ya ji ƙafafunsa sun shirya. Ya gyara hularsa, ya juya fuska wajen titi yana kallon kekuna suna wucewa, ya zauna.

Dattawa suka saurara har ƙarshe. Da wani mai kira ya yi tambaya a kan tumaki masu zawo, Alhaji Mansir ya ce a yi shiru, nasa ma haka suke. Da lokaci ya cika Sa'adiyya ta yi godiya, ta faɗi sunanta cikakke, nata da na ubanta a jere, ta yi sallama.

Ba wanda ya kalli Babayo. Malam Nu'uman ya ɗaga hannuwa ya ce, "Mai wannan murya, ko 'yar gidan wa ce, Allah ya yi mata albarka, ya ƙara mata sani."

Majalisa ta ce amin.

Uban 'yar fari shiru yake yi a irin wannan wuri. Babayo yana kallon titi, kunnuwansa biyu a buɗe, ya san daidai inda muryarsa za ta kai.

"Amin," ya ce.