Ƙofar da Na Zana da Muciya

Wani mafarki na yi daren jiya. Na gan ni a bakin wata kasuwa, goye da 'yata Nusaiba, muciya a hannuna, ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. Baban Nusaiba kuwa hawan jini ya kumbura shi kamar balan-balan, na ɗaure shi da igiyar shanya ina ja, kada iska ta tafi da shi. Likita ya ce ya rage nama, shi kuma ko koko sai da tsire.

Ƙofofin kasuwar biyu ne, wani bunsuru mai tabarau yana gadi.

"Hajiya, zaɓi ɗaya," in ji shi. "Ta dama, nama safe da yamma. Ta hagu, ke da nama har abada."

Na leƙa ta dama. Magidanta ne cike da sama, kowa da ƙashi a baki, matansu na tsalle su kamo ƙafafunsu. Na leƙa ta hagu. Kabeji ne jere a kan benci suna yi wa juna nasiha.

"Maman Nusaiba, mu bi dama mana," in ji maigidan daga sama.

"Malam, yi shiru, saura kaɗan ka taɓa wayar lantarki."

Nusaiba, wadda ko "Baba" ba ta iya faɗa ba tukuna, ta ce, "Umma, ni fa ina son hanta."

Na ce wa bunsurun, "Yallaɓai, maigidan can fashewa zai yi, yarinyar nan kuma girma take yi. Ƙofofin duka biyun ba su yi mini ba."

"Haka tsarin yake."

Sai na zana ƙofa a bango da muciya, na tura, ta buɗe.

Muna cikin wata ƙatuwar tukunya. Wake da zogale da awara sun cika kujeru. Tsokar nama ta shigo da mayafi, tana neman wurin zama.

"Daga yau ke baƙuwa ce," na ce mata. "Ran Juma'a ki zo, ki gaida yarinya, ki koma."

Ta durƙusa ta ce to.

Na jawo igiya na soma ba maigidan faten wake. Da kowane cokali yana ƙara saukowa, har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa. Mata suka yi ta kwararowa ta ƙofata suna guɗa, kowacce janye da nata. Bunsurun ya shigo ƙarshe, ya cire tabarau.

"Allah ya saka, Hajiya. Da ma gobe ni ne."

Tarin famfon tsakar gida ne ya tashe ni, an kawo ruwa. Na tara bokiti, na jiƙa wake.