Kafaɗar Musbahu

Malam Baƙo mai ɗori yana alwalar azahar a ƙofar gidansa a Masanawa sai ga ɗan sanda a kan babur, ya ce ya ɗauko kayan aikinsa, ana nemansa. Bai tambayi dalili ba. Duk tsawon hanya yana laluben abin da ya taɓa yi wa hukuma.

Ɗakin baya na ofishin 'yan sanda aka shigar da shi. An gitta ƙarfe tsakanin tebura biyu, igiya na reto a jikinsa. A ƙasa wani magidanci ne kwance, kafaɗarsa ta dama ta goce ta kumbura. Wani Sajan da ke tsaye a wurin ya ce sunan mutumin Musbahu, ana tuhumarsa da satar shanu, daga mota ya faɗo. A gyara shi, don ba a gama bincike ba.

Malam Baƙo ya durƙusa. Ya ga shatin igiya a wuyan hannayen biyu, ya kau da ido. Da ya sunkuya yana latsa ƙashin, Musbahu ya motsa baki dab da kunnensa.

"Baba, don Allah kada ka gyara. Tun da ta goce suka daina rataye ni."

Tsohon ya dakata da latsawar. In ya bar kafaɗar haka, nan da mako guda hannun ya tashi daga aiki har abada. In ya mayar da ita, ga ƙarfe nan.

Ya yi bismilla ya ja. Musbahu ya yi ƙara, ƙashi ya koma. Ya jera kara ya naɗe da tsumma, sannan ya ce wa Sajan kwana arba'in ba a ɗaga hannun nan.

Sajan ya taɓa hannun hagu da bakin takalmi. "Wannan fa, Malam? Lafiyarsa lau?"

Lafiyarsa lau. Malam Baƙo ya daɗe yana shafa shi.

"Shi ma ya tsage, ranka ya daɗe. Ta ciki."

Ya ɗaure shi kamar ɗan'uwansa, har da tofi.

Sajan ya dube shi, ya dubi ɗaurin. Ya ce jibi likita zai zo daga Gwarzo ya duba hannayen, kuma yana son Malam ya kasance a wurin. Ya sa aka rubuta sunansa da unguwarsu.

Ba a mayar da shi a babur ba. Da ƙafa ya kama hanyar gida, yana waiwaye.